Kati ya ƙi zuwa a babbar gasar foka: laifin kati ne ko nawa?

"Malam, barka da aiki. Na kai shekara guda ina buga foka (wasan katin nan, poker) a waya, irin gasar tebur ɗaya ta mutum tara da ake shiga kyauta, kuma ba yabon kai ba, sau da yawa ina cikin ukun farko. Watan jiya na koma manyan gasanni masu mutum ɗari biyar zuwa dubu. Tun da na koma kati ya juya mini baya. Sai in yi awa guda ina zubar da 9-3 da J-4, cips ɗina (ƙwayoyin da ake wasa da su a madadin kuɗi) na narkewa, in na gaji in tura duka cips ɗina da katin da bai kai ba, a fitar da ni. Shin na'urar tana rage wa mutum kati a manyan gasanni ne, ko akwai abin da ban gane ba?" In ji wani mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna.

Ƙanena, barka kadai. Tambayarka biyu ce a cikin riga ɗaya. Ta farko, ko kati ya fi muni a babbar gasa. Ta biyu, wadda ita ce ainihin ciwon, me mutum zai yi da kansa a lokacin da hannu ya bushe alhali agogo na tafiya. Ta farkon lissafi zai kashe ta nan take. Ta biyun ce za mu daɗe a kanta.

Kafin nan, kalma ɗaya kan kuɗi, don kada wani ya karanta ya ce na ba shi lasisi. Ka ce kyauta kake shiga, kuma a kan haka nake amsa maka. Ranar da aka sa kuɗi ya zama caca, hukuncinta kuwa yana nan a fili a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Ni malamin lissafi ne, ba na fatawa ba, amma ko ta fuskar lissafin zalla za ka ga a ƙasa dalilin da ya sa babbar gasa ba wurin neman kuɗin cefane ba ce.

Abin da lissafi ya ce

Katin foka 52 ne, a irin wasan da kake bugawa ana ba kowa biyu, su ne hannunsa; 9-3 na nufin kati mai 9 da kati mai 3. Hanyoyin da biyun nan za su iya haɗuwa 1,326 ne. A cikinsu 78 ne kawai tagwaye, wato kati biyu masu lamba ɗaya, don haka za ka ga tagwaye sau ɗaya a rabo 17. A-A kuwa hanya 6 ce tak, sau ɗaya a rabo 221. A-K sau ɗaya a wajen 83.

Yanzu ɗauki hannayen da kowa ke murmushi in ya gan su: tagwayen 10, J, Q, K da A, sai A-K da A-Q. In ka tara su hanya 62 ce cikin 1,326, bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Yiwuwar a yi rabo 30 a jere ba ka ga ko ɗaya daga cikinsu ba ta kusa ɗaya cikin huɗu. Rabo 50 a jere, wajen kashi 9 cikin ɗari. A intanet cikakken tebur yakan yi rabo sittin zuwa tamanin a awa, to ka ga awa gudan da kake kuka da ita ba ta fi waɗannan hamsin ɗin da nisa ba.

Gasar tebur ɗaya takan ƙare a awa guda ko ƙasa da haka. Babbar gasa, in ka yi nisa, awa huɗu ce ko biyar, rabo ɗari uku ko fiye. Raba ɗari ukun nan gida shida na hamsin-hamsin, yiwuwar aƙalla gida ɗaya ya zo a bushe ta kai kashi 44. Tun da kuma fari ba ya jiran kan iyakar gidajen da muka yanka kafin ya fara, ainihin adadin ya haura rabi. Wato duk wanda ya yi nisa a babbar gasa, abin da ya fi yawa shi ne ya ratsa ta cikin wannan farin. Wanda ka ga ya ɗaga kofi shi ma ya ratsa, ba ka dai ga katinsa ba.

Game da na'ura, ba zan rantse wa kowace manhaja ba, amma kana iya auna ta da kanka. Sami littafi ka rubuta katinka na rabo 1,000. Tagwaye su zo wajen 59, A-A huɗu ko biyar. In ka ga 50 ko 68 duk cikin gona ɗaya ne. Na taɓa yin wannan ƙidayar a lokacin da nake rantsuwa ana cutata, na ƙare da kunya. Ƙwaƙwalwa tana riƙe daren da aka hana ta, ta manta daren da aka ba ta K-K sau biyu cikin minti goma.

Abin da ya canza da ka koma babba

In ba kati ba ne, to mene ne? A teburin mutum tara, duk wanda aka fitar kujerarsa ta tafi ke nan. Bayan rabin awa kun koma biyar, sannan huɗu. A teburin mutum huɗu K-8 hannu ne na mutunci, A-5 kuwa ango ne. Kai ba ka lura ba, amma teburin da kansa yake sassauta maka, katin da ka zubar da farko shi ne kake ci da shi a ƙarshe. A babbar gasa ba haka ba ne. Da an fitar da mutum biyu sai a cike gurbinsu daga wani tebur, ko a fasa naku a watsa ku. Awanni za ka yi a gaban mutum takwas, yayin da bilayin, harajin dolen nan da kujeru biyu ke zubawa kafin a raba kati, ɗaya ƙarami ɗaya babba, yake hawa kowane minti goma, a gasa mai sauri ma kowane minti biyar.

Ga kuma tazarar tafiya. A mutum tara uku ne ke samun wani abu, ɗaya bisa uku. Kana iya lallaɓawa ka shiga ukun nan da haƙuri kawai, ka bar masu zafin kai su cinye juna. A babbar gasa wajen kashi 15 cikin ɗari ne ke kaiwa inda ake rabon lada. Ko da kai da kowa ƙarfinku ɗaya, yiwuwar ka shiga gasa goma a jere ka fito hannu rabbana ta kusa ɗaya cikin biyar. Don ka cinye gasar mutum dubu kuwa sai cips ɗin mutum dubu sun dawo gabanka, wato ka ninka abin da ka fara da shi sau goma, tun da 2 in aka ninka ta sau goma 1,024 take bayarwa. A ce Allah ya ba ka A-A sau goma, kowane karo abokin karawarka na riƙe da K-K kuma kun tura duka. Kowane karo kana da kashi 82. Ka tsallake duka goman, bai kai kashi 14 ba. Wannan lissafin ne ya fara buɗe mini ido: ko katin ya zo yadda kake roƙo, shi kaɗai ba ya kai mutum. Galibin cips ɗin da ke kai mutum teburin ƙarshe an kwashe su ne a hannayen da ba wanda ya buɗe katinsa.

Daina kallon cips, ƙidaya bilayin

Lambar da ke gabanka a allo yaudara ce. Dubu takwas na iya zama arziki, na iya zama talauci. Abin da za ka riƙa yi kowane rabo shi ne raba cips ɗinka da babban bilayin. Dubu takwas a lokacin da babban bilayin yake 200, kana da 40. In ya kai 800, goma gare ka, ko da ba ka buga hannu ɗaya ba. Dan Harrington, wanda ya ci babbar gasar duniya ta Las Vegas a 1995, shi ya yaɗa wani ma'auni makamancin wannan da ake kira M, inda ake raba cips da abin da zagaye ɗaya na tebur ke ci. Ni na fi son ƙidayar bilayin don ta fi sauri a ka.

Zagaye ɗaya yakan ci maka bilayin biyu da rabi: rabi na ƙarami, ɗaya na babba, sai wajen ɗaya na anti (ba antin gida ba, ƙarin harajin da ake zubawa a tsakiya). Da wannan za ka san tsawon numfashinka.

In kana da 40 ko fiye, ba abin da ke korar ka. Zagaye uku ba ka taɓa komai ba asarar bakwai da rabi ce. A nan haƙuri shi ne daidai, kuma kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya gaji da zubarwa ya fara bin ƙarin wasu, wato ya zuba daidai cips ɗin da suka ƙara, da Q-8 ko K-5 don kawai ya ga katunan tsakiya, waɗanda ake buɗewa a tebur kowa ya haɗa da nasa biyun. Hannun da ba tagwaye ba sau ɗaya cikin uku ne kawai yake haɗuwa da ɗaya daga katuna ukun farko. Sau biyu ka yi sadaka, na ukun kuma sau da yawa ka haɗa abin da wani ya fi ka, ka biya shi har ƙarshe. Bi, bi, bi, wannan shi ke narkar da cips fiye da harajin kansa.

Tsakanin 15 da 25 nan ne wasan yake da daɗi, kuma nan ne ka fi buƙatar ido. Ƙasa da 12 kuwa magana biyu ce ta rage, ko ka tura duka ko ka zubar. Zan dawo kansu.

Kujera ta fi kati

Wanda ke kujerar mai rabo, wadda ke zagayawa daga mutum zuwa mutum kowane rabo, shi ne na ƙarshe da zai yi magana bayan an buɗe katunan tsakiya, kuma kafin a buɗe mutum biyu ne kawai ke bayansa. A ce kowa ya zubar har magana ta iso kanka a can. A tsakiya akwai bilayin biyu da rabi ba mai su. Ka yi ƙari zuwa biyu da ɗigo biyu. Kana saka 2.2 don ka ɗauki 2.5. In mutanen nan biyu suna zubarwa sau 47 cikin ɗari, ka mayar da kuɗinka ko da katinka takardar tsire ce, ban da lokutan da za su bi ka kuma katin tsakiya ya zo maka. Sata ɗaya a kowane zagaye ta biya maka harajin zagayen. Ka tsaya cik a inda kake har damina ta sauka.

A nan zamanka na shiru yake zama jari. Mutumin da ya yi minti arba'in bai ɗaga hannu ba, in ya yi ƙari, masu lura za su ce ya samo babba. Sai dai jarin nan yana lalacewa in ba a kashe shi ba, kuma da an fasa teburinku ya tafi, don sababbin maƙwabtanka ba su san ka yi azumin kati ba.

Ba kowa ake yi wa wannan ba, kuma lokacin bushewar hannu shi ne lokacin gano wa ake yi wa. Mai kanti a Kasuwar Barci in ciniki ya tsaya ba barci yake yi ba, yana kallon wanda ke shiga shagon maƙwabcinsa da abin da yake tayawa. Kai ma kalli mutum biyun da ke hagunka, don su ne za su riƙe bilayin lokacin da kake kujerar mai rabo. Wa ke zubarwa duk lokacin da aka yi masa ƙari? Wa ke bi da komai? Kalli biyun da ke damanka, wa ke ƙari kowane zagaye? Manhajoji da yawa suna ba ka wurin rubuta 'yar sanarwa a kan ɗan wasa ko ka shafa masa launi. Yi amfani da shi.

Wannan na damanka mai yawan ƙari shi ne abincinka in kana da 15 zuwa 25. A ce kana da 18, ya yi ƙari zuwa 2.2, tsakiya ta zama 4.7. In ka tura duka ya zubar, ka ƙaru da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu ba tare da an ga katinka ba. Mutumin da ke buɗewa da hannu huɗu cikin goma ba zai iya bin 18 da yawancinsu ba. Ba da 7-2 ake yi ba. Ƙananan tagwaye, A da ƙaramin kati masu fure ɗaya (wato alamarsu iri ɗaya), K-10, Q-J, irin waɗanda in an bi ka ma kana da abin faɗa.

Kada ka bari ka mutu a zaune

Wani dare na shiga gasar mutum ɗari bakwai da wani abu, na yi nisa har saura ƙasa da ɗari biyu. Ina da 14. Na ce sai babba ya zo. Na zubar da J-9 masu fure ɗaya a kujerar mai rabo, kowa ya zubar kafin ni. Na zubar da A-6 a kujerar da ke gabanta. Bilayin ya hau sau biyu, na wayi gari da huɗu. Sai ga A-A. Na tura, mutum ɗaya ya bi, na ci, na koma goma da 'yan kai. Katin da ya fi kowane kati a duniya ya zo mini, bai ko mayar da ni inda nake minti ashirin da suka wuce ba. Zagaye biyu bayan nan na fita.

Darajar tura duka ba a katin kaɗai take ba, tana cikin tsoron da take sa wa mutane, kuma tsoron nan da yawan cips ake sayensa. Goma na sa mutum ya yi tunani. Huɗu ba ta tsorata kowa, mai babban bilayin zai bi ka da ido a rufe. Duba lissafin goma. Kana kujerar mai rabo, an zubar har kanka, ka tura. A ce kowanne daga cikin biyun yana bi da hannu 15 cikin ɗari mafiya kyau. Sau 72 cikin ɗari duka za su zubar, ka kwashi biyu da rabi. Sauran 28 an bi ka, a ce kana da kashi 35 na ci, asararka a matsakaici wajen biyu da rabi ce. Haɗa su, ribar ta haura bilayin guda a kowane turi. Kuma kada kashi 35 ɗin nan ya ba ka mamaki. Katuna biyu marasa kyau ba su kai munin da ido ke nunawa ba. 9-8 masu fure ɗaya suna cin A-K kusan sau huɗu cikin goma. Ko 7-2, wanda ake yi wa dariya, yana cin A-K wajen sau ɗaya cikin uku. Doyle Brunson da 10-2 ya rufe gasar duniya a 1976, ya sake rufe ta da 10-2 a 1977. Ban kawo shi don ka je ka riƙa buga 10-2 ba, mutum biyu ne suka rage a teburin a lokacin.

Sharaɗin shi ne ka zama na farko da ya shiga. Tura goma da Q-9 bayan kowa ya zubar abu ne, bin wanda ya riga ya tura da Q-9 ɗin nan wani abu ne daban, don na biyun ba wanda za ka kora, sai dai katinka ya ci. Kuma gwargwadon yawan mutanen da ke bayanka, gwargwadon kyan da hannun ke buƙata. Daga kujerar farko, da mutum takwas a baya, Q-9 shara ce.

Abin da ka ce kana yi, in ka gaji ka tura da abin da bai kai ba, ina zargin ba katin ne bai kai ba. Lokacin ne ya wuce, ko kujerar ce ba ita ba, ko wani ya riga ka shiga.

Inda maganata take da rauni

Duk lissafin satar nan ya dogara ga mutane suna zubarwa. A gasar kyauta, musamman awar farko, rabin tebur ba sa zubar da komai, don ba abin da ya fita daga aljihunsu. Wani zai bi ka da J-3 yana cin gyaɗa. A irin wannan teburin rage sata, jira hannu mai kyau, in ya zo ka yi ƙari mai nauyi su biya ka. Sata tana fara aiki ne bayan an tankaɗe waɗannan, musamman dab da inda ake fara rabon lada, lokacin da masu matsakaicin cips ke ƙanƙame abinsu don kada su fita saura mutum biyar. Su ake matsa wa a nan, ba mai tulin cips da zai bi ka don nishaɗi ba, ba kuma mai uku da ya riga ya sallama ba. Kai ma in kana cikin masu matsakaicin a wannan gaɓar, ƙara tsaurara abin da kake bin turin wani da shi, don cips ɗin da za ka rasa sun fi waɗanda za ka samu tsada.

Sai abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba. Gasar da ta fara ƙarfe tara na dare tana iya kai ka biyu ko uku, ga aiki da safe, ga asuba. Gajiya tana sa 9-6 ya yi kama da hannu. In an ɗauke wuta waya ta mutu, ko sabis ya yanke, na'ura za ta ci gaba da zubar maka tana cire haraji har ka dawo. Na taɓa barin 30 na dawo na tarar da 11. Cika waya da abin cajinka kafin ka zauna, kuma in ka san ba ka da awa huɗu a hannu, koma wa teburinka na mutum tara a wannan daren. Shafuka da yawa suna ba da hutun minti biyar a ƙarshen kowace awa. Tashi ka sha ruwa, kada ka zauna kana ƙirga abin da aka hana ka.

Ban ga hannayenka ba, labarinka kawai na ji, kuma mu 'yan wasa mun iya ba da labarin da zai wanke mu. Ni kaina iyakata gasannin 'yan ɗaruruwa zuwa dubu ɗaya ko biyu, lambobin da na ba ka na 12 da 25 da 40 kuma ba layin da aka ja da rula ba ne, suna matsawa gwargwadon saurin gasar da mutanen teburin. Ga abin da nake so ka yi. A gasa goma masu zuwa, duk lokacin da aka fitar da kai rubuta abu uku: bilayin nawa gare ka a hannun ƙarshe, nawa gare ka rabin awa kafin nan, da sau nawa aka zubar har kanka kana kujeru biyun ƙarshe kai ma ka zubar. Aiko mini da su mu duba tare.